Wuyan da ya karkace bayan allura ba aikin iska ba ne

A sashen masu taɓin hankali inda nake aiki, ba abin da ke ɗaga hankalin dangi kamar wannan: an yi wa matashi allurar Haldol, kwana ɗaya ko biyu sai wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago ya ƙi komawa. Nan take sai ka ji, "Likita, mutanen ɓoye ne suka tashi." Ba su ba ne, maganin ne.

Dofamin sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, saƙon kuwa ba ya shiga sai ta makarɓi. Makarɓan iri 5 ne. D1 da D5 'yan gida ɗaya ne, zuga ƙwayar suke yi. D2, D3 da D4 kuma lafar da ita suke yi. A 1979 masana biyu, Kebabian da Calne, suka nuna cewa makarɓan ba iri ɗaya ba ne. D3, D4 da D5 kuwa sai a 1990 da 1991 aka gano su.

Mu dai D2 ne ya fi shafar aikinmu. Largactil, da aka fara gwadawa kan masu taɓin hankali a Faransa a 1952, da Haldol, duk toshe shi suke yi. To amma D2 ba a wuri ɗaya yake ba. Idan aka toshe shi a inda ake so, jin muryoyi da zargin mutane sai su lafa. A cibiyar motsi kuwa, jiki ne zai sandare, hannu ya kama rawa. Akwai shi kuma a wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda dofamin ke danne sinadarin da ke kawo nono. Shi ya sa idan aka toshe shi a nan budurwa kan ga ruwan nono, al'ada ta ɗauke, gida ya ruɗe da zargin ciki. Wannan zargin ya fi min ciwo.

Tazarar ba ta da yawa: hoton ƙwaƙwalwa ya nuna magani kan fara aiki idan ya toshe kusan kashi 65 cikin 100 na D2, sandarewa kuma ta fi zuwa idan ya haura 80.

Har maganin amai, Maxolon, kan karkatar da wuya, musamman ga yara da matasa, don shi ma D2 yake toshewa.

Kada a jefar da magani a ɓoye. A dawo mana: mukan rage shi, ko mu sauya, ko mu ƙara da Artane. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.