Zagaya Kasuwar Zanzibar: Darasi a Kan Kalmomin Aro

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin aron kalmomi ya san cewa Hausa ta ɗebi kalmomi masu yawa daga Larabci. Abin da ba a cika jaddadawa a aji ba shi ne, akwai wani babban harshe na Afirka da ya ɗebo daga rijiya ɗaya da mu, wato Suwahili. Wannan ɗan rubutu zai bi matafiyi Bahaushe cikin birnin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, domin a ga abin da kunnensa zai tsinta.

Tsohon garin, wanda mazauna ke kira Mji Mkongwe, yana bakin tekun Indiya. Lunguna ne ƙunƙuntattu da mota ba ta shiga, da gidaje masu ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can wajen 1840, kuma UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Baƙo kan ziyarci Beit al-Ajaib, ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a 2020, da kuma cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Karin harshen wannan gari ne aka ɗauka a matsayin tushen daidaitaccen Suwahili.

To amma darasin namu yana kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Ita kanta kalmar soko daga suƙ ta Larabci take, kuma masana na ganin kasuwa tamu ma daga can ta taho, sai dai ta biyo ta Barebarci. Mai kayan yaji zai miƙo karafuu, wato kanumfari. In aka zo ciniki, Bahaushe ba zai sha wuya ba: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini. Elfu kuwa dubu ce, ita ce alif ɗin da muke faɗa wajen ambaton shekara.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya lura da wani tsari. Hausa ta kan ari kalma tare da "al-" ɗinta, Suwahili kuwa ta kan jefar da shi:

alƙalami : kalamu
alƙali : kadhi
labari : habari
lokaci : wakati
littafi : kitabu

A ukun ƙarshe "al-" ya tsuke ya zama "l" kawai, shi ya sa ɗalibai da dama ba sa gane cewa littafi da kitabu uwarsu ɗaya. A ganina wannan misali ya fi kowane bayani na allo saurin shiga kai.

Sai dai kama da wane ba ta wane. In matafiyi ya ce wa mai sayar da zanen kanga ya ci riba, ya zage shi bai sani ba, domin riba a Suwahili kuɗin ruwa ce. Abin da muke kira riba su faida suke cewa. Haka nan lissafin lokaci. Suna fara ƙirga saa daga fitowar rana, saboda haka saa moja da safe ƙarfe bakwai ke nan, ba ƙarfe ɗaya ba. Wanda aka ce ya zo lambun Forodhani cin gasasshen kifi da shan ruwan rake da saa mbili na dare, ƙarfe takwas ake jiransa.

Aiki: a nemo kalmomin ciniki biyar na Hausa masu farawa da "al-", a binciko asalinsu na Larabci, sannan a duba ko Yarabanci ya aro wata daga cikinsu ta hannun Hausa, kamar yadda albasa ta zama alubosa.