ME YA SA AKE ƊAGA RUFIN MANYAN GINE-GINE?

'Yan'uwa, kullum ina gaya wa kwamitocin ginin masallatai da makarantu: ku rage ado, amma kar ku rage tsayin silin. Wasu sun ɗauka ɗaga rufi ƙawa ce kawai. A'a, lissafi ne.

Mutum ɗaya a zaune, jikinsa yana fitar da zafi kusan na ƙwan lantarki mai wat 100, irin na da. To, lissafa mutum 1,000 ranar Juma'a a watan Afrilu. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sama take yi. Idan rufi ya yi nisa, zafin da numfashin jama'a sai su taru can sama da kawuna, su fice ta tagogin sama, sabuwar iska ta shigo ta ƙofofi. In kuwa silin ya sauko, ga kwano ya sha rana, da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ga dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahu.

Dubi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu a shekarun 1830. Azara ba ta iya haye babban ɗaki, sai ya ɗaura baka, rufin ya hau sama. A Masallacin Madina kuwa akwai kubbobi 27 da ake zamar da su iska ta wuce.

Na yarda, mai sanya AC gajeren silin ya fi masa sauƙin kuɗi. Amma unguwa nawa ce take samun wuta a lokacin azahar?