Hoton Jijiyar Wuya: Me Ya Sa Na Bana Ya Saɓa wa Na Bara?

Tambaya: Mahaifina yana fama da hawan jini. Bara an yi masa eko na wuya, bana aka sake a wani wuri daban. Takardar farko ta ce kaurin bangon jijiya milimita 0.8, ta biyu ta ce 0.9. Ciwon ne ke gaba? Kuma me ya haɗa wuya da zuciya? Daga wani ɗalibi a Tumur, jihar Diffa.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Bari in fara da tambayarka ta biyu. Kitse da ke maƙalewa a bangon jijiyoyin jini ba ya zaɓar wuri ɗaya. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ƙanana ne, suna can bayan haƙarƙari, ba sa tsayawa cik. Ta wuya kuwa, wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa, tana dab da fata, na'ura tana ganinta sarai. Shi ya sa likita ke leƙa wuya don ya ƙiyasta halin da sauran ke ciki. Wani masani ɗan Italiya, Paolo Pignoli, da abokan aikinsa ne suka nuna a 1986 cewa ana iya auna kaurin bangon da eko.

To, ga inda gizo ke saƙar. A jikin babban mutum kaurin nan yakan ƙaru da kusan milimita 0.01 a shekara. Bambancin takardun Baba ya ninka haka sau goma. Mai aunawa ya ɗan karkata hannu, ko Baba ya juya kai fiye da bara, ko an ɗauki hoton lokacin da jijiya ta buɗe da bugun zuciya, kowanne ya isa ya kawo wannan tazara.

Kai da ka san kogin Komadugu za ka gane. Masu auna ruwa a Bagara, kusa da Diffa, ma'auni guda suke dubawa kullum a wuri guda. Da yau a nan za a tsoma sanda, gobe a can gaba inda gaɓa ta fi zurfi, ai sai a ce ambaliya ta zo alhali ruwa bai motsa ba.

Maganin wannan matsala shi ne daidaita hotuna. Ana neman alama tabbatacciya, wato inda jijiyar ta rabu biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, sai kwamfuta ta ɗora sabon hoto kan tsohon, ta matsa shi, ta juya shi, wani lokaci har ta lanƙwasa shi, sai bango ya hau kan bango. Abin da ya rage bayan haka ne kawai za a kira canji. Masana da suka taru a Mannheim ta Jamus tun 2004 sun shata ƙa'ida: a auna bangon da ya fi nisa da fata, a tsawon kusan santimita 1, a wuri guda kowane zuwa. A Kanada kuma, masu bincike na cibiyar Robarts sun daɗe suna haɗa hotunan su ba da siffar jijiyar gaba ɗaya, su auna girman kitsen kansa.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ko an daidaita, wannan lamba ba ta kai a hana ido barci a kanta ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya gano cewa saurin ƙaruwar kaurin ba ya faɗin wanda zai sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi nauyi shi ne ko an ga dunƙulen kitse, wanda ya haura milimita 1.5, da kuma ko ya tsuke hanyar jini.

Ka haɗa takardun biyu da hotunansu ka kai wa likita ɗaya ya duba su tare, ka tambaye shi wannan maganar dunƙule. Kafin nan Baba ya riƙe maganinsa kullum, a rage masa gishiri da magi da kanwa, a riƙa auna jininsa a likitar Tumur. In ka ga bakinsa ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, kada a jira gari ya waye, a nufi babban asibitin Diffa.