Wane Majigi Zan Saya Wa Falona?

 

Malam, ni ma'aikaci ne a nan Gombe, ina zaune a Tumfure da iyalina. Yarana maza biyu sun tasa, kuma duk ranar da ake ƙwallon Turai sai sun sulale gidan kallo, wani lokaci sai sha ɗayan dare za su ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi faɗa har na gaji. Shi ne na ga gara in sayi majigi in haska a bangon falo, su kalli ƙwallonsu a gabana, mahaifiyarsu ma ta samu na kallon Labarina.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne zaɓi. Na ga wani ɗan ƙarami a intanet, an rubuta 4K da lumen 9,500, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Wani abokina mai sayar da kayan wuta a Kano kuma ya ce yana da na hannu, babba, irin wanda ake taro da shi a ofis, zai bar min da sauƙi. Na ware naira dubu 600. Falona mita 5 ne da 4, da manyan tagogi biyu masu kallon yamma. Wuta sai a hankali, amma ina da sola: inbata da batura biyu masu amfiya 200. Wanne ka ga ya dace?

Baban Ummi, Tumfure, Gombe

Baban Ummi, Allah Ya shirya mana zuri'a.

Cikin biyun da ka lissafa babu wanda zan ce ka saya. Amma kafin mu zo kansu, tagogin nan naka su suka fi tsaya min a rai. Majigi ba ya iya haska baƙi. Duk inda ka ga baƙi a hoton, bangonka ne da ba a haska ba, saboda haka in hasken rana ya shigo ɗakin, baƙin sai ya koma toka-toka, hoton ya koɗe. Shi ya sa majigin da dattawa ke ba da labari, wanda motar gwamnati ke kawowa ƙofar fada, ba a kunna shi sai duhu ya yi. To wasan Firimiya na ranar Asabar yakan faɗo ne tsakanin azahar da magariba a agogonmu, daidai lokacin da rana ke dukan tagar yamma. Gasar Zakarun Turai ce ta dare, ƙarfe takwas ko tara. Idan ba za ka sa labule mai kauri, mai ruɓi biyu, wanda ba ya barin haske ya ratsa ba, in gaya maka gaskiya talabijin mai inci 55 ko 65 ta fi maka amfani. Ka fara shawarta wannan da uwargida, don falon nata ne da rana.

Idan an amince da labulen, mu koma kan ɗan ƙaramin na intanet. Lumen shi ne ma'aunin hasken da na'urar ke fitarwa, amma wanda ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, domin shi ake aunawa a kan allo bisa ƙa'ida. Lambar da ba ta da wannan shaida, mai kaya ne ya rubuta abin da ya ga dama. Irin waɗannan ƙananan, in an auna su da gaske, ɗaruruwa ake samu, ba dubbai ba. Kamfanin Epson ya sha maka masu sayar da irinsu a kotu a Amurka kan wannan ƙarin gishiri. Haka zancen 4K ɗin: sau da yawa nufinsu na'urar tana karɓar hoton 4K, sai ta matse shi ta fitar da 720p ko ƙasa da haka. Ka tambayi ainihin ƙwayoyin hoton da take fitarwa da kanta. Kai 1080p, wato 1920 sau 1080, ya ishe ka, tunda abin da dikoda ke kawowa na ƙwallo yawanci bai wuce haka ba.

Akwai kuma ƙura. Yawancin masu arahar nan gilashin LCD guda ɗaya ne a ciki, fanka na jawo iska ta kansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka san yadda hunturun Gombe yake, a share tebur da safe, kafin la'asar a iya rubuta suna a kai. Wannan ƙurar ce za ta zauna kan gilashin, ka fara ganin ɗigo-ɗigo a fuskar ɗan wasa, daga baya wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoton saboda zafi. Masu amfani da DLP, fasahar kamfanin Texas Instruments mai ƙananan madubai, galibi hanyar haskensu a rufe take, sun fi jure wannan. Masu 3LCD irin na Epson launinsu na da kyau ƙwarai, sai dai suna da matatar ƙura da za ka riƙa cirewa kana kaɗewa, a hunturu kam duk mako.

Na abokinka kuma matsalarsa ƙwan fitila ne. Na ofis yawanci ƙwai ne mai sinadarin makuri, yana yin awa 3,000 zuwa 6,000 hasken na raguwa a hankali, kuma sabon ƙwai na asali kuɗi ne mai kauri, sai an aiko daga Legas ko Kano. Akwai wurin da na'urar ke nuna awannin da ƙwan ya yi, amma wannan lambar da rimot ake mayar da ita sifili, kada ka rantse da ita. Abin da ya fi wannan muni a wurinmu: idan an kashe shi, fankarsa na ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, fanka ta tsaya cak ƙwai na tafasa, kowane irin wannan yankewa yana rage masa kwana. Sannan da yawansu an yi su ne don nuna rubutu da jadawali, hotonsu 1024 sau 768 ne, mai kusurwa huɗu kusan daidai, ba mai faɗin fim ba. Ba na zargin abokinka, shi abin da ke shagonsa ya tallata maka.

Yi lissafin baturanka ma. Biyu masu bolt 12 da amfiya 200 sun tara wajen wat-awa 4,800, amma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka ja, in kana so su yi ƙarko. Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 350. Haɗa da dikoda, sifika da fankar ɗaki, wasa ɗaya na awa biyu ya lashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi, ga dare bai ma fara ba. Mai LED yana cin wajen wat 100 zuwa 150, mai leza ya ɗan ɗara haka, dukansu kuma ana ba su awa 20,000 ko fiye, ba sa kuma damuwa sosai da yankewar wuta. 'Yan Gombe ba su manta Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe aka shafe makonni cikin duhu. Duk kayan da za ka saya, ka auna shi da sola, ba da wutar layi ba.

Saboda haka abin da za ka nema: LED ko leza, na kamfanin da aka sani, irin su BenQ, Epson, Optoma, ViewSonic ko XGIMI, 1080p na ainihi, mai ƙofar HDMI aƙalla biyu. Don kallon dare lumen ANSI 1,000 zuwa 1,500 ya wadatar a inci 100. In da wasan la'asar ne, ko da labule, nemi 2,500 zuwa sama. Farashi na bin dala, don haka ba zan yanka maka lamba ba, amma ina tsoron mai hasken la'asar ya fi ƙarfin dubu 600, musamman da yake ba majigin kaɗai za ka saya ba. Sifikar cikinsa ba ta cika falo, sai ka ƙara ta waje. Akwai ƙarfen rataye shi a silin, doguwar wayar HDMI, da abin kare shi daga wuta mai ƙarfi. Ware wa waɗannan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tun farko. In ya zama sai na dare kuɗin zai iya, saye shi, wasan rana su kalla a talabijin in akwai a gidan.

Girman ɗakin ba matsala. Hoton inci 100 faɗinsa mita 2.2 ne, tsayinsa mita 1.25, kuma yawancin majigai na bukatar tazarar mita 2.7 zuwa 3.3 daga bango kafin su cika shi. Allo ba dole ba ne yanzu: a shafe bangon ya yi sumul, a yi masa farin fenti marar ƙyalli, don mai sheƙi yana mayar da haske cikin ido. Kada a cusa na'urar cikin kabad ko a manna ta da silin. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 35 zuwa 40, a Maris da Afrilu kuwa iskar da ke ƙarƙashin rufin kwano tana kai haka, sai ka ga ya kashe kansa ana shirin bugun fanareti. A bar masa sarari ta kowane gefe, in an gama ya huce a lulluɓe shi da ƙyalle.

Ranar saye, kada ka yarda da gwajin da za a yi maka a lungun shago mai duhu da katun mai launi. Sa a haska farin shafi zalla ka duba tabo, a haska baƙi ka duba ɗigon haske, sannan a sa ƙwallo ka ga ko hoton na jan ƙafa in an buga doguwa. Ka bar shi ya yi minti 30 a kunne, ka saurari ƙarar fankar. A rubuta maka garanti a rasit da lambar na'urar, ka kuma tambayi inda ake gyaransa kafin ka biya.

Su kuma samarin, ka sani ba girman allo kaɗai ke kai su gidan kallo ba, har da ihu da musu da abokai. Ka bar su su gayyato biyu ko uku ranar babban wasa, ka shimfiɗa musu tabarma, kuɗin dikoda kuma a biya shi kafin Asabar.