Amsoshin Tambayoyinku: Tsadar Faifan PBS

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: me ya sa tashoshin talabijin na PBS a Amurka ke neman kuɗi masu yawa kafin su ba mutum faifan bidiyon wasan mawaƙa, alhali da araha ake samunsa a kasuwa?

To malam, ai ba ciniki ake yi ba. Gudummawa ce, faifan kuwa tukuici ne. An kafa PBS a 1969, kuma tashoshinta ba sa cika shirye-shirye da talla kamar na 'yan kasuwa, don haka sun dogara ƙwarai da taimakon masu kallo. Dokar harajin Amurka ma ta bambance: abin da ya ɗara darajar faifan kaɗai ake lissafawa a matsayin taimako. Masoya waƙa na ƙorafin ana yawan katse wasan a talabijin ana roƙon gudummawa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun faifan. Katsewar kam akwai gundura, sun yi gaskiya. Amma wasan kowa na kallonsa kyauta, mai hali ne ya biya wa marar hali. Tun da majalisar dokokin ƙasar ta soke tallafin dala biliyan 1.1 na kafofin yaɗa labaran jama'a a 2025, roƙon ya zama dole. Wanda faifan kawai yake so, ya nufi kanti.