Ɗana Yana Karanta Turanci, Amma Ba Ya Gane Ma'ana

Tambaya: Malam, ɗana yana aji 2 na ƙaramar sakandare. Yana karanta Turanci tiryan-tiryan, amma in aka tambaye shi ma'ana sai ya yi tsuru-tsuru. Ni kuwa ban yi boko ba. Ina mafita?
Wata uwa daga Ajingi

Amsa: Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Yaron da ya iya haɗa baƙi ya yi nisa, kalmomi ne suka yi masa ƙaranci.

Kullum bayan Magariba ya karanta shafi ɗaya, ya rufe littafin, ya ba ki labarin da Hausa. In ya yi ta kame-kame, ai za ki gane. Sai ya sake. Kalma 5 sababbi a rana sun isa, ya rubuta su a bayan littafinsa.

In wani zai shiga Gaya ko Kano, a sayo masa ƙaramin ƙamus da littattafan labarai na 'yan firamare. Kada ya raina su. In akwai waya a gidan, ya karanta labari da Hausa a jaridar Aminiya, sannan ya nemo shi da Turanci a jaridar Daily Trust.

Ban da duka, ban da dariya in ya yi tuntuɓen harshe. Ki kuma je ki ga malaminsa tun yanzu, don jarrabawar BECE tana jiransa a aji 3.