Sauke Bayan A-kori-kura Ba Tare da An Kai Sifirin Wuta Ba

A hutun da ya wuce Yayana ya sayi tsohuwar Hilux mai kai ɗaya a hannun wani ɗan kasuwa da ya shekara da shekaru yana ɗibar albasa da shinkafa daga gonakin Bakolori, tsakanin Bakura da Maradun, zuwa kasuwar Talata Mafara. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar ranar Talata ya san irin waɗannan motoci: in babu kaya bayansu a sama, hancinsu a ƙasa, kamar akuya na shan ruwa. Dalili kuwa an ƙara musu fallayen sifirin don su ɗauki abin da ya ninka ƙarfinsu. Shi Yaya ba albasa zai ɗauka ba. Burodi yake rarrabawa shaguna, kayan da cikin mota guda bai kai nauyin buhun shinkafa uku ba. Motar sai tsalle take a kan kowane rami, burodi na isa a murƙushe, shi kuma ƙugunsa na ciwo. Ya ce mini, "Kai da ake biya wa kuɗin makaranta kana karatun injiniya, zo ka sauke mini bayan motag ga, amma hwa ba ni da kuɗi."

Shawarar farko da aka ba shi a bakin titi ita ce a kai wa mai walda ya gasa sifirin da wutar gas har ya yi ja, motar ta zauna da kanta. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi komai araha. Na hana. Ƙarfen sifirin ba irin rodin gini ba ne. A masana'anta ana gasa shi, a tsoma shi cikin mai ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi a zafin da bai wuce digiri 400 zuwa 500 ba, don ya riƙa lanƙwasuwa yana komowa. Ƙarfen da ya yi ja ya haura digiri 700, ke nan an rushe wancan aiki gaba ɗaya. Wurin da wuta ta taɓa zai yi laushi ya ci gaba da zama, ko ya yi gautsi ya tsage, kuma babu mai waldar da zai iya sa hagu da dama su sauka daidai da ido. Lokacin da nake IT a gareji an jawo mana wata da aka yi wa haka. Uwar sifirin ta karye dab da ido, aksil ya ja baya ta gefe ɗaya, taya ta daki bodi. Allah Ya taƙaita, direban ba gudu yake ba.

A nan akwai abin da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi a aji. A motar da ke da irin wannan sifirin, ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, shi ne ke riƙe aksil na baya a mazauninsa. Falle na farko, wanda makanikai ke ce wa uwa, yana da ido biyu: na gaba a ɗaure da shasi, na baya a rataye da shakul mai lilo, don sifirin ya sami wurin miƙewa idan ya danne. Sauran fallayen na ƙarƙashinsa, kowane ya fi na samansa gajarta, noti guda na tsakiya ya haɗe su, yubol biyu kuma suka ɗaure su da aksil. Tsohuwar dabara ce, tun 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irinta. Ita ce a bayan 504 a-kori-kura da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ce a Canter da tirela.

Lissafin da muka yi a darasin ƙarfin kayan aiki a nan yake da amfani. Taurin sifirin yana tafiya da yawan fallaye kai tsaye, amma da kauri sau uku a kan kansa. Motar Yaya falle bakwai muka ƙirga kowane gefe, biyar na kamfani, biyu na ƙari, waɗanda ko faɗinsu bai zo daidai da sauran ba. Cire biyu daga bakwai na rage tauri da kusan kashi 29 cikin ɗari, amma in aka ɗora kaya iri ɗaya, wahalar da kowane falle zai sha ta ƙaru da kashi 40. Lissafin takarda ne, yana ɗauka duk fallayen kaurinsu ɗaya, amma ya ishe ka gane inda aka dosa. Batun kauri ya fi ba ni mamaki: falle mai milimita 8 ya fi mai milimita 7 tauri da kusan rabi, domin 512 ne a kan 343. Milimita ɗaya tak. Shi ya sa sayen falle a wurin 'yan gwangwan ba tare da abin awo a aljihu ba caca ce.

Saboda haka hanya mafi araha, kuma wadda na fi yarda da ita, ita ce mayar da mota yadda kamfani ya yi ta. Cire na ƙari kawai. Uwa da falle na biyu ba a taɓa su ko da wasa.

Kafin mu kwance komai mun tsayar da motar a daɓen siminti, na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a duk ƙafafu huɗu, na rubuta. Baya ya fi gaba da santimita 9. Muka sa duwatsu a tayoyin gaba, muka ɗaga, muka tokare shasi da kututture masu kauri. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashin mota da shi, ko na minti ɗaya ne. Sai wurin da ake jin ciwo: fallayen a matse suke, in ka kwance notin tsakiya haka kawai za su watse su fasa maka yatsa ko baki. Mun damƙe su da kilam biyu, muka cire notin, sannan muka sassauta a hankali. Muka goge tsatsa, muka duba kowane falle ko akwai tsaga, muka haɗa da sabon notin tsakiya. Yubol ma sabbi muka saya, kuma a nan ne Yaya ya yi ƙorafi. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba zai sake kamawa yadda ya kamata ba, ga shi tsawonsa na falle bakwai ne. Notocin shakul kuma sai da mota ta sauka a kan tayoyinta muka ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar bushi za ta murɗe ta yage cikin 'yan makonni. Baya ya sauka da santimita 5. Ragowar 4 na bar su da gangan, don a-kori-kura dama ana yin ta da ɗan tudu a baya saboda kaya.

Akwai wasu hanyoyin. Ana sa ɗan bulo na ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, amma leƙa ƙarƙashi tukuna: in aksil ne a saman sifirin, bulo zai sauke mota, in kuma sifirin ne a sama, kamar yadda yake a yawancin masu jan ƙafa huɗu, ɗaga ta zai yi. Ana gajarta shakul, sai dai abin da za ka samu kusan rabin abin da ka rage ne, tunda aksil a tsakiyar sifirin yake. Ana kuma rage gantsarewar fallaye a sanyi da injin matsa, falle-falle, ana gwadawa da zanen alli a ƙasa. Wannan aikin gwani ne, ban ba ɗan koyo shawara ba.

To ga inda na kusa jin kunya. Da muka fita gwaji a wata hanyar burji a bayan gari, na taka birki da ɗan ƙarfi, sai bayan motar ya kulle ya fara zamewa gefe. Gudunmu bai kai kilomita 40 ba, amma sai da cikina ya ɗuri ruwa. Muka koma wurin maigidana na gareji, dattijo ne da bai yi boko ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ɗan boko, mi littahinku yac ce?" Na ce ban sani ba, Baba. Ya kwanta ƙarƙashi ya nuna mini wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya taho daga gare shi zuwa aksil. Aikinsa ya ji nauyin kaya: in bodi ya matso kusa da aksil, sai ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara tura man birki baya. Mai motar na farko ya sa an ɗaga mariƙinsa lokacin da ya ƙara fallaye. Mu da muka sauke ba mu mayar ba, bawul na ganin mota cike da buhuna alhali babu komai. Minti goma ya yi ya daidaita shi. Da a kan kwaltar Sakkwato zuwa Gusau aka yi wannan zamewa, da damina, da wani labarin ake yi.

Shi ya kuma sa na duba sauran abubuwan da saukewa ke taɓawa. Fitilun gaba sun ɗaga sama suna haska idon masu tahowa, muka sunkuyar da su a jikin bango da dare. Shokazoba ɗin da ke ciki dogaye ne na lokacin tudu, suna iya ƙurewa kafin sifirin ya gama dannuwa, muka musanya da na asali na hannu. Tsakanin aksil da robar da ke tare shi a jikin shasi na tabbatar akwai tazarar yatsu huɗu, don hanyoyinmu na cikin karkara ba sa yafe wa motar da ta zauna da yawa. Farfela ma mun saurare ta ko za ta yi rawa, shiru. Bayan mako guda na sake bin notocin yubol, kuma sai da kowanne ya ƙara shiga.

Fallaye huɗun da muka cire wani maƙeri ya saye su, zai yi adda da wuƙaƙe, kuɗin ya biya rabin yubol. Na rubuta wa Yaya da fenti a cikin bodi cewa motar ta daina ɗaukar lodin da, don na san halin maƙwabta ranar kasuwa. Shekaranjiya ya kira ni, wai yanzu gaban ne ke ƙara in ya hau tudu, sai na zo hutu.